Kwamfutar da Ke Suma Idan Ana Cina

A shekarun da na yi ina riƙe da alli an zarge ni da abubuwa da dama: rowar maki, ci gaba da darasi bayan an kaɗa ƙararrawa, da ɗauko tambayar jarrabawa daga shafin da ba wanda ya karanta. Duk na amsa laifina, domin duk na aikata. Zargi ɗaya ne na ƙi amsawa, shi ne wanda taubashina ya yi mini, wai ina kashe kwamfuta da gangan duk lokacin da na ga zai ci ni a wasan ƙwallo.

Ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina, kuma sa'ana. Tun muna yara kowannenmu ke cewa shi ne ubangidan ɗaya, har furfura ta fito ba a yanke hukunci ba. Ni aka kai makaranta. Shi ya zauna a gonar mahaifinsa can wajen Randagi, yana noma masara da dawa da damina, da rani kuma ya sauka fadama da injin ban-ruwa. Yakan kira ni Ticha, da wata irin murya da ke sa kalmar ta yi kama da sunan cuta. Ni kuma ina kiransa Sarkin Noma, sarautar da ba wanda ya naɗa shi, bai kuma taɓa musantawa ba.

A shekarun da daji ya daina shiguwa, ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari, ya kama ɗaki biyu a unguwar Magajin Gari. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Duk wanda ya zauna a Birnin Gwari a lokacin yana da nasa labarin, na wasu ma ya fi nasa nauyi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, mutumin da rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a gida ba ya koma zaman ƙofar gida, yana kallon awakin mutane suna wucewa. Ya rame kaɗan. Ya rage magana. Ranar da na je gaishe shi na zauna har na tashi bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, ranar na san abin ya yi nisa.

Kwamfutar kuwa ta 'yata ce da ke karatu a Zariya. Da ta sami wata, sai ta bar mini tsohuwar, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Ta zuba mini karatun Alƙur'ani a ciki, ta buɗe mini wurin ajiye tambayoyin jarrabawa, sannan ta bar wani wasan ƙwallon ƙafa, wai na ƙannenta ne idan sun zo hutu. Har da fad guda biyu, wato ɗan abin nan mai maɓallai da ake riƙewa da hannu biyu a juya 'yan wasa. Na buɗe wasan ne don in duba ko ya dace da tarbiyya. Binciken ya ɗauke ni mako uku.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ja taubashina zuwa gida cin abinci. Da muka wanke hannu na miƙa masa fad ɗaya.

Ya juya shi, ya duba bayansa, ya ce, "Wannan kuma fa? Kwaɗo ne ya bushe?"

Na ce, "Fartanyar 'yan birni ce. Riƙe."

Ya riƙe shi yadda ake riƙe ɗan tsako. Ranar na zura masa bakwai. 'Yan wasansa suna ta gudu suna fita fili, mai tsaron gidansa ya taho yawo har tsakiya kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya. Amma can kusa da tashi, bisa kuskure, wani ɗan wasansa ya ɗirka ƙwallo ta bugi ƙarfen raga ta dawo. Sarkin Noma ya tuntsire da dariya, irin dariyar da ban ji ba tun yana Randagi. Maiɗakina ta leƙo daga madafi don ta ga wane baƙo muka yi.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida: kowace Juma'a, daga bayan abinci zuwa kiran la'asar. Makonnin farko a teburin karatuna muke yi, a kan kujeru. Shi kuwa bai taɓa shiri da kujera ba, ya ce an yi ta ne don mutanen da bayansu ba ya aikin komai. Da zafi ya shigo sai muka koma zaure, inda iska ke ratsawa. Maiɗakina takan shimfiɗa tabarma, sannan ta fito da buzun marigayi mahaifina, farin buzun rago mai kaurin gashi, ta shimfiɗa wa baƙo, kamar yadda ake yi wa duk baƙon da ake ganin girmansa a gidanmu. Shi kuma kowane mako sai ya ja da baya ya ce, "Ni in zauna a buzun Kawu? Ai da sauran kunya a idona." Sai ya zauna a tabarma. Kuma da yake ya taɓa jin kwamfutar tana karatun Alƙur'ani, ya ce abin da ke ɗauke da karatu ba a ajiye shi a ƙasa. Da hannu biyu yake ɗaukar ta ya ɗora a tsakiyar buzun, ya gyara mata zama, sannan a fara. Ban ga komai a ciki ba sai ladabi, har na yaba masa a zuci.

A daidai wannan lokacin ne hannunsa ya faɗa. Ban san yadda aka yi ba. Yatsun da na ɗauka sun yi kauri da yawa ashe sun saba da kwance inji da ɗaurawa, ba su ɗauki 'yan maɓallai goma a bakin komai ba. Ba ya yanka, ba ya ado. Yadda yake jan kunya a gona haka yake wasa: a miƙe, daga wannan kai zuwa wancan. Ni kuwa na karanta dukkan bayanin wasan, na san sunan kowane irin tsari, ina ta miƙa ƙwallo gefe da gefe cikin hikima har ya zo ya ƙwace.

Ranar da ya fara shiga gabana da ci ɗaya, an dawo hutun rabin lokaci, saura kaɗan a tashi, sai hoton ya ƙame. Ɗan wasansa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ihun 'yan kallo ya maƙale a kan sauti ɗaya kamar injin niƙa ya haɗu da dutse. Muka danna wannan, muka danna wancan. Can sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Muka yi dariya, muka ce na'ura ce, ita ma tana gajiya.

Juma'a ta biyu yana da biyu ina da babu, ta suma. Ta uku yana da biyu ina da ɗaya, an ba shi bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya ja da baya zai buga, ta suma.

Ya dube ni ya ce, "Ticha, me kake dannawa?"

"Abin da kake dannawa."

"A'a. Ni in na danna, mutumina ne ke gudu. Kai in ka danna, duniya ce ke tsayawa."

Na ce, "Kana zargin malamin makaranta da maguɗi?"

"Wanda ya shekara da shekaru yana kama masu satar amsa ai shi ya fi kowa sanin hanyoyinta. Da nake kamar tabarmar ƙofa kana taka ni bakwai-bakwai, ko atishawa ba ta taɓa yi ba."

Wannan hujja ce mai ƙarfi. Da ɗalibi ne ya kawo mini ita a takarda da na ba shi maki takwas cikin goma, wanda a wurina kusan kyauta ce.

Da farko wasa ne. Zargin taubashi ba ya kai mutum gaban alƙali. Amma a karo na biyar bai yi tsokana ba. Ya ajiye fad ɗin a hankali, ya kalli baƙar fuskar kwamfutar, ya ce, "Ka bar ni mana in ga ƙarshensa ko sau ɗaya." Sai a lokacin na tuna cewa mutumin nan ya bar masara a tsaye a gona, ta kusa isa girbi, bai koma ba. Irinsa ba a ce masa wasa ya tsaya saura minti goma.

Na ɗaura ɗamarar gano cutar. Ranar Asabar na zauna a teburina ni kaɗai na buga wasa uku a jere da kwamfutar kanta. Ko gezau. Na sake ranar Lahadi, har maiɗakina ta tambaye ni ko an ƙara wannan a manhaja ne. Lafiyarta ƙalau, kamar ɗalibin da ciwon cikinsa ke warkewa da zarar an tashi daga darasin lissafi.

Na nemi 'yata a waya. A lokacin sabis sai an yi farautarsa. Akwai wani wuri a bayan makarantarmu, kusa da bishiyar mangwaro, inda in ka tsaya ka fuskanci gabas kada ka motsa, ana jin magana. Nan na tsaya na karanta mata alamomin ciwon.

Ta ce, "Baba, ba zafi take yi ba? A kan me kake ɗora ta?"

Na ce, "A kan tebur mana."

Gaskiya na faɗa, domin ni a kan tebur nake ɗora ta. Na amsa tambayar da aka yi mini ba ƙari ba ragi, yadda nake horon ɗalibaina su yi.

Ta ce to wataƙila wasan ne ya yi mata nauyi, in shiga wuri kaza in rage kyan hoton. Na rage har 'yan wasa suka koma kamar zanen 'yan aji ɗaya, ba hanci ba baki, ciyawar fili ta zama koren fenti. Ranar Juma'a Sarkin Noma ya ce ko aljanu ne a filin shi zai ci su. Ya ci su biyu. Ta suma.

Na zargi wuta. Na cika batir da sola tun safe, na cire caja, don kada a ce wutar ce ke rawa. Ta suma. Na zargi fad ɗinsa, muka yi musanya, har wurin zama muka sauya, ya koma inda nake na koma inda yake. Ya sa ni na naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Uku da ɗaya, ta suma.

Daga nan na kai ta kasuwa wurin mai gyaran waya, wani mutum mai natsuwa da ke da shago ɗan ƙarami da akwatin gilashi a gaba. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai irin na likita. Ya riƙe ta kwana biyu. Da na koma na same ta a kan gilashin nan a buɗe, shi da maƙwabcinsa tela suna wasan kusa da na ƙarshe.

Ya ce, "Malam, wallahi na gwada ta iya gwaji. Jiya har kofi na ɗauka. Ba ta da komai."

"To me ya sa take mutuwa?"

"Wataƙila bairos ne, cutar kwamfuta, irin mai ɓuya. Shi ya sa na wanke ta gaba ɗaya na sake zuba komai."

"Komai?"

"Wasan da karatun duk na mayar."

"Tambayoyin jarrabawa fa?"

Ya dafe kai kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Haka tambayoyin da na tara na shekaru suka tafi. A zangon nan dole na zauna na ƙirƙiro sababbi, abin da ya jefa ɗaliban da suka haddace na bara da na bara waccan cikin baƙin ciki. Wasunsu har yau suna ganin da gangan na yi. Ashe a shekarar an rubuto mini zargi ta kowace fuska.

Na kai kukana ɗakin malamai. Akwai wata malama 'yar Gbagyi da ke koyar da kimiyya, mace mai ɗan karen haƙuri da yara da ƙarancinsa ga manya. Ta ajiye jan biro ta ce, "Malam, abin da nake gaya wa 'yan aji uku shi zan gaya maka. Ka rubuta abin da ke nan ranar da take mutuwa, wanda ba ya nan ranar da ba ta mutuwa."

Na yi tunani na ce, "Taubashina."

Ta ce, "To shi za ka kai wa mai gyara."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na rubuta jerin a bayan wata tsohuwar takardar rajista: rana, lokaci, abincin da muka ci, wanda ke gaba da ci nawa. Har yanayin gari na sa. Abin da ban rubuta ba shi ne abin da idona ya saba gani har ya daina ganinsa.

Juma'ar da ta biyo bayan wankin, ta suma yana da huɗu. Wadda ta biyo bayanta bai zo ba, ya aiko cewa kansa ke ciwo. Ta gaba kuma na hango shi a masallaci, kafin in gama addu'a ya fice ta wata ƙofar. Maiɗakina ta shimfiɗa tabarma da buzu, abinci ya huce, ta naɗe kayanta. Sai da dare ya kusa ta ce, "Malam, in kai ne kake kashewa, ka bari. Mutumin nan ba shi da wani wurin zuwa."

Na ce, "Har da ke?"

Ta ce, "Ni dai na san ba ka son a ci ka. Ko a musu."

A Juma'a ta uku na saka kwamfutar a jaka, na hau babur ɗina na nufi Magajin Gari. Na same shi a ƙofar gida a kan benci. Muka gaisa gaisuwar mutanen kirki, wadda tsakaninmu alama ce ta rashin lafiya.

Na ce, "Ga shawara. Ka shiga ɗakinka da ita. Ka buga da kwamfutar kanta, ba da ni ba. Ni zan zauna a nan waje a kan bencin nan, in ɗora hannu biyu a ka, maƙwabta su zama shaida."

Ya ce, "In ba ta mutu ba fa?"

"Ka sanar a masallaci cewa ni ɓarawo ne."

Wannan ya ɗan motsa shi. Ya karɓi jakar ya shiga. Ta labule ina hango shi. Ɗakin siminti ne da leda, ba tebur. Ya waiwaya yana neman inda zai ajiye ta, sai ya jawo filo daga kan gado, wani lallausa mai sabuwar riga, ya ɗora ta a kai da hannu biyu. Ni kuwa na zauna a waje hannu a ka, kamar ɗalibin da ya makara. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ko hutun rabin lokaci ba a kai ba na ji ihun 'yan kallo ya maƙale. Sai shiru.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na sauke hannu na shiga da shirin jawabin wanda kotu ta wanke. Na same shi zaune ya zuba wa baƙar fuskar ido, fad a cinya.

Ya ce, "Na wanke ka, Ticha. Ba kai ba ne." Ya ture fad ɗin gefe. "Ni ne. 'Yan shekarun nan duk abin da na sa wa hannu tsayawa yake yi."

Na fasa jawabin. Da na san inda gwajin zai kai mu da na bar shi yana ce mini ɓarawo har ƙarshen rayuwa.

Ana cikin haka matarsa ta yi sallama ta shigo da kwanon zoɓo. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida, sannan idonta ya sauka a kan filon. A ranar ta sa masa sabuwar riga, kuma ba don na'ura ta sa ba. Ta ɗaga kwamfutar ta miƙa wa mijinta, ta janye filonta. Sai ta tsaya, ta shafa shi da tafin hannu.

Ta ce, "Wannan kaza ce ta yi kwanci a kai? Ku taɓa ku ji."

Ya taɓa filon. Ya taɓa ƙarƙashin kwamfutar, ya janye hannu da sauri. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ta koma irin wadda na san shi da ita a bakin fadama idan inji ya ƙi tashi. Ya kifa ta a cinyarsa, abin da ni ban taɓa yi ba tun da aka ba ni ita, don ban ga abin karantawa a bayanta ba. Ya bi wasu 'yan tsage-tsage da farce.

Ya ce, "Ticha, ina hancin abin nan yake?"

"Kwamfuta ba ta da hanci."

"Duk abin da ke da inji yana da hanci. Akwai shekarar da na tausaya wa injin ban-ruwana saboda rana, na lulluɓe shi da buhu. Kafin in kai ƙarshen fadama ya mutu. Kunna ta."

Muka jira ta huce, na kunna. Ya riƙe ta a sama da hannu biyu, ya kara kunnensa. Ya lashi yatsa ya kai gefenta, ya sake kaiwa ƙarƙashinta.

"Akwai 'yar fanka a ciki, ga ta nan tana juyawa. Ta ƙasa take shaƙa, ta gefe take fitarwa. Wane irin maƙeri ne zai sa wa abu hanci a tumbi?" Ya girgiza kai. "Wata biyu muna toshe mata numfashi da gashin rago."

Na ce, "Muna? Wa ke ɗora ta a buzun?"

Ya ce, "Wa ke da digiri?"

Matarsa ta rufe baki da gefen mayafi ta juya mana baya.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi damuna: me ya sa sai yana gabana take suma? Muka zauna muka lissafa. A kan buzu takan ɗauki kamar minti ashirin kafin zafi ya kai mata karo. A teburina da kan gilashin mai gyara iska na shiga ta ƙasa, shi ya sa ba ta taɓa yi ba. Kuma tun da muka koma zaure, babu Juma'ar da aka kai minti ashirin ba yana gabana ba. Wato ba wai tana mutuwa ne don ana cina ba. Kullum ana cina ne, ita kuma tana mutuwa. Wannan bayani ya yi wa Sarkin Noma daɗi fiye da duk abin da aka faɗa a ranar. Ya sa na maimaita shi sau biyu, na biyun a hankali don matarsa ta ji da kyau.

Na ce to shi ke nan, a ajiye ta a kan siminti a buga.

Ya ce, "A ƙasa? Da karatun a cikinta?"

Na shiga yi masa bayani cewa karatun da ke ciki ba kamar rubutu a takarda yake ba, ba ya nan sai an kira shi. Na kawo misalai. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kai Ticha ne, ba Malam ba. Ba za ta zauna a ƙasa a ɗakina ba."

"To ka riƙe ta a sama har a tashi, ni in buga."

Matarsa ce ta raba gardamar. Ta fita ta dawo da rariyar tankaɗe, irin mai katako a gefe da waya a tsakiya, ta kakkaɓe ta, ta kifa a tsakiyar ɗaki. Ta ce ga shi ba ƙasa ba ne, kuma iska na wucewa, amma a dawo mata da abarta kafin magariba, don garin tuwo ba zai tankaɗe kansa ba. Ya ɗora kwamfutar a kai da hannu biyu. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi ya tabbatar hancin a buɗe yake.

Muka fara. An tafi hutun rabin lokaci yana da biyu. Aka dawo. Minti ashirin ta wuce. Daga nan kusan ba wasan muke kallo ba, kwamfutar muke kallo, yadda ake zuba wa majinyaci ido a ga ko zai riƙe kunun da aka ba shi. Lokaci-lokaci yakan saki fad da hannu ɗaya ya taɓa gefenta, kuma ko da hannu ɗayan bai fasa cina ba. Da ya zura ta huɗu, na kama kaina ina ɗan fatan ta suma. Na faɗi wannan ne don tarihi ya cika. Ba ta suma ba. Ya ƙara ta biyar. Na rama ɗaya saura minti biyu, wadda har yau yake cewa sadaka ce.

Alƙalin wasa ya hura usur.

Na kai hannu zan danna a wuce, ya riƙe mini hannu. Bai taɓa ganin abin da ke biyo bayan nasara ba. 'Yan wasansa, waɗanda mai gyara ya mayar musu da fuskokinsu, suka rungumi juna, suka zagaya fili suna ɗaga wa 'yan kallo hannu. Nawa suka zauna a ciyawa suka sunkuyar da kai. Ya kalla har ƙarshe, har hoton ya koma farko da kansa.

Ya ce, "Ashe haka suke yi."

Ya sha zoɓonsa, wanda ya riga ya huce, ya goge baki. Sannan ya auna faɗin kwamfutar da tsawonta da tafin hannu, ya sake aunawa, yana motsa leɓe. Na tambaye shi me yake yi, ya ce ba aikin 'yan boko ba ne.

Juma'ar da ta biyo baya ya riga abinci isowa gidana. A hammatarsa akwai wani ɗan gado da ya haɗa da gwangwala, tsayinsa bai wuce yatsu huɗu ba, sandunan a jere da tazara a tsakaninsu, an goge kowace har tana sheƙi. Ya ce kwana uku ya yi a kansa, don na farko da ya yi ya karkace, shi kuma ba ya fitar da karkataccen aiki. Maiɗakina ta juya shi ta duba, ta ce in ya sami lokaci tana son irinsa babba na kifa kwanuka. Ya ce sai dai ta bi layi, malamar kimiyyar nan ma da na ba shi labarinta in ta gani za ta so.

Kwamfutar ba ta sake suma ba. Na jarraba cewa rana na haska mini ido, na jarraba cewa fad ɗina ya tsufa. Ya ba ni wurin zamansa, ya ba ni nasa fad ɗin, ya ci ni shida.